Hisabin Sinadarai da Sarƙar Ɓoyayyen Ƙarfi



Sharhinmu na yau kan wasu maganganu biyu ne da suka daɗe suna yawo a wayoyinmu, kuma in ka lura kusan kullum tare suke tafiya. Ta farko, wai lambobin da masana suka bai wa sinadarai, haidurojin 1, ƙarfe 26, zinariya 79, akwai wani asiri a cikinsu wanda sai mai ido ke gani. Ta biyu, wai akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da ke kewaye da jikin ɗan Adam, babu na'urar asibiti da ke kama shi, amma akwai sarƙa ko awarwaro ko faifan gilashi da zai daidaita maka shi. Ta farkon kyauta ake turo ta. Ta biyun tana da farashi, kuma ba ƙarami ba.

Mu fara da lissafin. 'Yan'uwanmu Kirista ana tura musu saƙo cewa ƙwayar zarrar kabon tana da furoton 6, niyutron 6, ilektron 6, saboda haka ita ce 666 ɗin nan da aka ambata a littafin Ru'ya ta Yohanna. Ƙirgen daidai ne ga irin kabon da ya fi yawa. Sai dai kabon shi ne gawayin murhu, shi ne tuwon da ka ci jiya, kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin jikin kowa shi ne, har da na wanda ya rubuta saƙon. Musulmi kuma ana tura mana namu: kalmar hadid, wato ƙarfe da Larabci, in ka buga ta da abajada, ha 8, dal 4, ya 10, dal 4, za ta ba ka 26, lambar ƙarfe ke nan a jadawalin sinadarai. Wannan ma lissafin daidai ne, duk almajirin da ya san abajada zai tabbatar maka. To amma mu ɗauki mudun nan mu auna zinariya da shi. Zahab yana ba da 707, zinariya kuwa 79 ce. Nuhas, jan ƙarfe, yana ba da 119 a lissafin mutanen gabas, 359 a lissafin Magariba wanda malamanmu na zaure suka gada, alhali lambarsa 29. Waɗannan babu mai turo su. Alƙur'ani ya fi ƙarni goma sha biyu a hannun musulmi kafin a san wani abu wai shi lambar sinadari, kuma imanin magabata bai jira ta ba. Ni tsorona, wanda ka ɗora imaninsa kan wannan ƙirgen, ranar da wani ya buga masa zahab me za ka ce masa?

Ba yau aka fara ba, kuma waɗanda suka fara ba wawaye ba ne. A littattafan da ake dangantawa da Jabir ɗan Hayyan, wanda ake cewa ya zauna a Kufa a ƙarni na 8, akwai abin da ya kira ilimin mizani. A ganinsa kowane abu haɗi ne na ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa. Ya raba haruffan Larabci 28 gida huɗu, kowace ɗabi'a haruffa bakwai, ya ce daga haruffan sunan ƙarfe za ka fitar da awon ɗabi'unsa, in ka san awon kuma sai ka ƙara nan ka rage can, dalma ta koma zinariya. Lambobin da ya gina komai a kansu su ne 1 da 3 da 5 da 8, jimla 17. Duk wanda ya taɓa ganin hatimin musallasi a allon malam, mai gida tara wanda kowane layi ke ba da 15, ya duba kusurwa ɗaya zai ga waɗannan huɗun a cure wuri guda, sauran gidaje biyar ɗin kuma jimlarsu 28. Hatimi dai lissafi ne na gaske, kuma namu ya yi fice a cikinsa: Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, ya rubuta hanyoyin tsara shi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Jabir ya hango gaskiya babba, cewa halitta a kan awo take. Inda hanya ta ɓace masa shi ne da ya nemi awon a cikin suna. Ba a taɓa samun zinariya ko ƙwaya ɗaya ta wannan hanya ba, kuma Ibn Khaldun tun a Muƙaddima ya ware babi guda ya ƙaryata sana'ar baki ɗaya.

Yanzu ga inda labarin ya yi daɗi. Da Turawa suka fara auna nauyin ƙwayoyin zarra da sikeli, lambobi suka soma yi musu abin mamaki na gaske. A 1829 wani Bajamushe, Döbereiner, ya lura cewa litiyam nauyinsa 7, fotasiyam 39, in ka haɗa ka raba biyu 23, nauyin sodiyam ke nan, kuma ukun halinsu ɗaya. A 1865 wani Bature a Landan, John Newlands, ya jera sinadarai bisa nauyi ya ga halayensu suna maimaituwa a kowane na takwas, ya ce abin kamar sautin kiɗa ne. Da ya kai maganar gaban ƙungiyar masana a 1866, dariya aka yi masa. Wani farfesa ma ya tambaye shi ko ya gwada jera su bisa haruffan sunayensu. Suka ƙi buga masa takardar. Sai bayan shekara 21, a 1887, aka kira shi aka ba shi lambar yabo. Na kawo wannan ne domin kada wani ya ce mun zo yi wa duk mai neman tsari a lambobi dariya. Wani lokaci wanda ake yi wa dariyar shi ke da gaskiya.

To ta yaya ake rarrabewa? Dimitri Mendeleev na Rasha ya nuna hanya. A 1869 ya tsara sinadarai 63 da aka sani a lokacin, inda layi bai cika ba ya bar gurbi. Bai tsaya nan ba. A 1871 ya rubuta cewa ƙarƙashin alminiyum akwai wani ƙarfe da ba a gano ba, nauyin zarrarsa wajen 68, zai ninka ruwa nauyi sau 5.9, kuma zafi kaɗan zai narkar da shi. Ya sa wuyansa a igiya ke nan, domin da abin ya zo ba haka ba, jadawalinsa ya mutu. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano ƙarfen ya sa masa suna galiyum, ya auna ya ce 4.7. Mendeleev, wanda bai taɓa sa ƙarfen a ido ba, ya aika cewa a sake aunawa, samfurin bai tsarkaka ba. Aka tace, aka sake aunawa, 5.9. Galiyum kuwa kafin zafi ya kai digiri 30 ya narke, wato a Sakkwato ko Zindar cikin watan Afrilu ruwa za ka same shi. A 1879 aka cike gurbi na biyu da sikandiyum, a 1886 na uku da jamaniyum. Daga baya, a 1913, wani saurayi ɗan Ingila, Henry Moseley, ya nuna ta hanyar gwaji cewa lambar sinadari ba laƙabi ba ce, ƙirge ne na cajin da ke cikin cibiyar zarra, abin da yau muke kira yawan furoton. Ƙarfe 26 ne domin furoton ɗinsa 26, shi ke nan. An kashe Moseley a yaƙin Galifoli a 1915 yana da shekara 27. Yau gidajen jadawalin 118 ne.

A daidai zamanin nan wasu mutum biyu suka ɗauko wata hanyar. Annie Besant, 'yar Ingila, wadda daga baya har ta shugabanci jam'iyyar Congress ta Indiya a 1917, da abokin tafiyarta Charles Leadbeater, manya ne a wata ƙungiyar masu neman ilimin ɓoye mai hedikwata a Adyar kusa da Madras. Tun 1895 suka ce suna iya ƙanƙance ganinsu na zuci har su shiga cikin ƙwayar zarra su dube ta. A 1908 suka fitar da littafi cike da zane, wannan sinadari kamar mazurari, wancan kamar tauraro. Suka ce kowace zarra an gina ta da wasu 'yan ƙananan abubuwa masu suna anu, kuma sun zauna sun ƙirga: haidurojin 18, oksijin 290, zinariya 3,546. Ka raba kowanne da 18, sai ga nauyin zarra ya fito: oksijin 16 da ɗoriya, zinariya 197 cif. Mabiyansu har gobe suna cewa to ga hujja.

Hujjar me? Nauyin oksijin da na zinariya suna cikin kowane littafin makaranta tun kafin su rufe ido. Abin ya yi kama da bokan da ya kwana unguwarku yana sauraron hirar mata a bakin rijiya, da safe ya buga ƙasa ya faɗa maka sunan kishiyar uwarka. Abin da ba a sani ba a 1908, shi ne ya kamata mai gani har hanji ya faɗa. Shekara uku kacal bayan littafinsu, a 1911, Rutherford ya gano cewa kusan dukkan nauyin zarra a cure yake a wata 'yar cibiya, sauran fili ne. Wannan shi ne abu mafi girma game da siffar zarra, kuma waɗanda suka ce sun shiga ciki sun zagaya ba su gan shi ba. Adalci ya sa in faɗi abin da magoya bayansu suka fi riƙewa: sun ambaci wani abu da suka kira meta-niyon mai nauyi 22 da ɗoriya, kuma a 1913 da Francis Aston ya ci karo da niyon mai nauyi 22, sunan nan nasu ya ara. Haka ne. Amma wanda ya zana sinadarai da dama, ya ƙara da wasu na ƙirƙira a tsakani, ba abin mamaki ba ne ɗaya ya faɗa kusa da gaskiya. Sauran da suka faɗa daji, su ma ba a turo su.

Abin dariya, kimiyya ma tana da nata lambobin da masana da kansu suke kira na tsafi: 2, 8, 20, 28, 50, 82, 126. Cibiyar zarrar da furoton ko niyutron ɗinta ya kai ɗaya daga cikinsu takan fi sauran ƙarko. Kuzar da aka yi shekaru ana haƙowa a tsaunukan Jos lambarta 50, shi ya sa take da nau'i goma masu ɗorewa, babu sinadarin da ya kai ta. Sunan zolaya ne aka sa wa lambobin tun ba a gane dalili ba. Maria Goeppert Mayer ta zauna ta warware dalilin da lissafi a 1949, ta karɓi kyautar Nobel a 1963, tsafi ya ƙare, suna ya rage.

Mu koma kan ɓoyayyen ƙarfi. Kakan masu wannan sana'a a Turai wani likita ne, Franz Mesmer, da ya sauka Faris a 1778 yana cewa akwai wani ruwa marar ganuwa mai kama da maganaɗisu da ke gudana a jikin mai rai, cuta kuma toshewarsa ce. Yakan zaunar da masu kuɗi kewaye da wani babban baho mai ruwa da garin ƙarfe, kowa ya riƙe sandar ƙarfe, ana kiɗa a hankali, sai ka ga mata da maza suna shure-shure suna suma, su farfaɗo su ce sun warke. A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamiti, cikinsa akwai Benjamin Franklin jakadan Amurka da Lavoisier uban kimiyyar sinadarai. Ba su yi gardama da kowa kan ko mutane na suma ba, sun ga ana suma. Tambayarsu guda ce: ƙarfin ne ke sumar da su, ko sanin cewa an sa ƙarfin? A lambun gidan Franklin, almajirin Mesmer ya shafa wa wata bishiya ƙarfin nasa. Aka kawo yaro ɗan shekara 12 wanda almajirin da kansa ya zaɓa, aka ɗaure masa ido, aka riƙa kai shi gindin wasu bishiyoyin. A ta farko ya fara gumi da tari. Kowace aka kai shi sai ya ce abin na ƙaruwa, alhali babu wadda aka shafa a cikinsu. A ta huɗu ya faɗi sumamme. A gidan Lavoisier kuma aka miƙa wa wata mata kofunan ruwa ɗaya bayan ɗaya; ta sume a kan kofin da ba a yi wa komai ba, da ta farfaɗo ta nemi ruwa, aka ba ta wanda aka yi wa aikin, ta shanye lafiya lau. Ƙyallen da aka ɗaure wa yaron nan ido da shi, har yau da irinsa ake gwada sababbin magunguna a duniya: kada mai sha ya san wanne aka ba shi.

Kada a ɗauka jahilai kaɗai abin ke kamawa. Reichenbach, wanda ya gano kakin farafin, ya ƙare rayuwarsa yana bin wani ƙarfi da ya kira Od. Mendeleev da muka yaba ɗazu, a 1902 ya ware gurbi a jadawalinsa domin wata iska mai ɗan nauyi ƙalilan da ake zaton ta cika sararin samaniya, kuma babu ita. A 1903 Farfesa René Blondlot na jami'ar Nancy a Faransa, masani na gaske mai mutunci, ya sanar da gano wani sabon haske da ya kira N, kuma takardu kusan 300 aka rubuta a kansa. A 1904 wani Ba'amurke, Robert Wood, ya ziyarci ɗakin gwajin. Ana cikin duhu, Blondlot na karanto awon hasken da ke ratsa wani curin alminiyum mai kusurwa uku, wanda in babu shi na'urar ba ta da aiki, sai Wood ya lallaɓa ya zare curin ya sa a aljihu. Blondlot ya ci gaba da karanto awo, lamba bayan lamba, kamar ba abin da ya faru. Ba maƙaryaci ba ne. Idonsa ne ya ba shi abin da zuciyarsa ke jira. Sai Wilhelm Reich da akwatinsa na katako da ƙarfe mai tara wani ƙarfi wai shi ogon. Einstein ya gwada akwatin a 1941 ya ce ɗan ɗumin da ake gani iskar ɗaki ce ke kai da kawo. Reich ya mutu a kurkuku a Amurka a 1957 bayan hukuma ta ƙona littattafansa, kuma ni a ganina ƙona littafin nan zalunci ne, bai kuma ƙara wa mabiyansa komai ba sai taurin kai.

Wadda ta fi burge ni yarinya ce. A Amurka akwai ma'aikatan jinya da aka koya wa wai su riƙa shawagi da tafin hannu a saman majinyaci suna gyara masa ƙarfin jikinsa ba tare da sun taɓa shi ba. Emily Rosa tana da shekara 9 ta yanka kwali ta huda ramuka biyu. Mai aikin zai zuro hannayensa ta ramukan, ba ya ganin ta. Ita kuma ta jefa kwabo sama, ta ɗora hannunta a saman damansa ko hagunsa, ta ce faɗi wanne. Mutum 21, gwaji 280, suka dace sau 123, kashi 44 cikin 100. Mai cankar banza ma ana sa ran ya samu rabi. A 1998 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon, yarinyar tana da shekara 11.

Wani mai sauraro zai ce, malam, ni da idona na gani, an gwada a jikina. Na san gwajin. A ɗakin taro mai sayarwa zai ce ka tsaya da ƙafa ɗaya ka miƙa hannu, ya danna hannun, ka yi tangaɗi. Ya rataya maka sarƙa, ya sake dannawa, ka tsaya ƙyam, jama'a su yi tafi. In ka sake zuwa, ka bar kallon sarƙar, ka kalli hannunsa. Karo na farko ƙasa yake dannawa yana ɗan ja waje, nesa da ƙafar da kake tsaye a kai. Karo na biyu ƙasa yake dannawa yana turawa ciki, wajen ƙugunka, wato shi ne ma yake tallafe ka. Ga shi kuma a karo na biyu ka riga ka san abin da ke zuwa ka ɗaure jiki. Ka ce masa a sa sarƙar a ambulan ɗaya, dutse a wani ambulan, wani ya cakuɗa su ta yadda kai da shi ba wanda ya san wanne ne wanne, a yi sau goma. Ka ga ko zai yarda. Kamfanin Power Balance, wanda manyan 'yan wasa suka yi wa tallan awarwaro, a ƙarshen 2010 hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta sa shi ya fito fili ya ce ba shi da wata ingantacciyar hujjar kimiyya, ya kuma mayar wa mutane kuɗinsu.

Da asarar kuɗi ce kaɗai da sauƙi. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ya ajiye ƙwayoyinsa domin ya rataya sarƙa, sarƙar ba ta san ya ajiye ba. Wasu sarƙoƙin kuma ba fanko ba ne, akwai abu a cikinsu, sai dai ba wanda aka faɗa ba. Domin su fitar da abin da 'yan talla ke kira ayon, akan cuɗa su da garin ma'adini mai ɗauke da toriyum ko yuraniyum. A Disambar 2021 hukumar kula da nukiliya ta ƙasar Holan ta fitar da gargaɗi kan kaya iri goma da ake sayarwa da sunan ƙarin lafiya ko kariya daga 5G, har da abin wuya, da abin rufe ido na barci, da awarwaron yara. An auna su an samu suna fitar da tururin nukiliya, kaɗan ne, amma ga mai sawa dare da rana a kan fata zai iya yin illa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hukumar ta hana sayar da su, ta ce wa waɗanda suka riga suka saya su cire, su ajiye su nesa da jiki, su jira a gaya musu yadda za a karɓe su. Wanda ke da irinta a wuyansa yanzu yana saurarenmu, ko ya rataya wa ɗansa, ba shi da hanyar sanin tasa tana ciki ko ba ta ciki sai an ɗora mata na'urar awo, kuma a Najeriya hukumar da ke da alhakin irin wannan awon ita ce hukumar kula da harkokin nukiliya da ke Abuja.